Murfin Tukunya a Gidan Ɗalibai

Makon jiya wata yarinya ta tare ni a bakin shagon nama a Erdington, ta ce ta ji ana ɗaukar ma'aikata a gidajen ɗalibai, in sa mata baki. Na tambaye ta me ta sani game da aikin. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ai shara ce da goge-goge, wa bai iya ba? Ba ita ce ta fara faɗa mini haka ba, kuma na gaji da ba da amsa a tsaye a bakin titi da leda a hannu. Shi ya sa na zauna na rubuta. Mai son aikin ta karanta. Wadda ba za ta iya kaiwa ƙarshe ba, dama ba za ta iya aikin ba.

Sunana Zulai. A Kano na gama sakandare, na biyo mahaifiyata Birmingham, ban ƙara gaba da karatu ba, kuma kada wadda ta zo mini jaje a kan haka. Aikina na farko a wani dogon ginin ɗalibai ne a tsakiyar gari, ta hannun kamfanin da ke tura masu shara. Da rani na shiga, lokacin da ɗalibai suka watse aka bar mana ɗakunansu. Ku da kuke ganin ɗan jami'a a titi fes-fes da jakar kwamfuta, ku zo ku ga abin da yake bari a ƙarƙashin gado. Za ki ɗaga katifa ki juya ta ke kaɗai, ki kankare cingam daga jikin tebur, ki lanƙwasa waya ki zura a magudanar wanka ki jawo gashi kamar mataccen ɓera. Firij kuwa, ki rufe hanci tukuna sannan ki buɗe. A nan na koyi tsumma: ja na bayi ne, kore na kicin, shuɗi na ɗaki, kuma duk wadda ta haɗa su ba ta da wurin zama a aikin. Na koyi kada a taɓa gauraya bilic da wani maganin wanki, don na ga wata ta yi, sai da aka fitar da ita waje tana tari. Na kuma koyi sauri. A ginin nan sauri ne komai. Ki buga ƙofa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan kati yana buɗewa, ki shiga, ki fita. Ban san sunan ɗalibi ko ɗaya ba, su ma ba su san nawa ba.

Da yayata ta haihu a Manchester na koma Rusholme don in riƙa taya ta, sai wata ƙawar mahaifiyarmu ta samo mini aiki inda take. Anti Saratu ke nan, 'yar Zariya, Kirista, doguwa, ba ta da yawan magana, ta daɗe a ƙasar nan har ta gaji da ƙirgawa. Wurin aikinta wani tsohon gida ne na jan bulo wajen Whalley Range, mai hawa uku, mata zalla ke kwana a ciki. Ranar farko ta ba ni keken kayan aiki ta ce in bi ta. Muka iso ƙofar farko na ƙwanƙwasa na murɗa a lokaci guda yadda na saba. Ta miƙo hannu ta saman kafaɗata ta jawo ƙofar ta rufe.

"'Yar nan, an ce ki shigo?"

Na ce ai na ƙwanƙwasa. Ta ce ƙwanƙwasawa tambaya ce, kuma mai tambaya yana jiran amsa. Muka tsaya a nan kamar masu jiran bas, ni ina cika ina batsewa, har muka ji motsi, wata 'yar China ta buɗe tana ɗaure igiyar rigar barci. Sati na farko gaba ɗaya abin da Anti ta sa ni ke nan. Ki ƙwanƙwasa, ki faɗi ko ke wace ce, ki ja da baya, ki jira. Ni da na zo da taƙamar ina gama ɗaki kafin wata ta gama cika bokiti.

A zauren gidan akwai tsofaffin hotuna a jere a bango, kuma goge su yana cikin aikina. Ba a fesa musu ruwa, don yana shiga ta gefen gilashin ya ɓata takardar. Busasshen tsumma ne mai laushi, sannan ƙaramin burushi don lungun katakon. Matan da ke ciki Turawa ne, da dogayen riguna har ƙasa, wuya a rufe, ba mai murmushi. Anti ta ce su ne matan farko da aka bari suka shiga jami'a a garin, fiye da shekara ɗari da ta wuce, kuma don su aka buɗe gidan. Iyayensu ba su yarda 'ya mace ta bar gida ta zo birni karatu ba sai an nuna musu inda za ta kwana da wadda za ta kula da ƙofa. Na yi dariya na ce ashe su ma. Ta ce su ma, kuma kada in ga yanzu jikokinsu suna yawo yadda suka ga dama in ɗauka da haka aka fara.

Ƙarƙashin hotunan, a gindin matakala, akwai wata ƙararrawar hannu ta tagulla mai mariƙin katako, an rataye ta a ƙusa. Dokar gidan tun daga zamanin matan nan ita ce, namiji ba ya hawa sama sai ma'aikaciya ta riga shi. Ko mai gyaran famfo ne, ko mai duba wuta, ko likita, ko uban ɗaliba da ya kawo akwati. Za ki ɗauki ƙararrawa ki hau, ki kaɗa a kowane hawa, ki ɗaga murya ki ce namiji zai hau, ki leƙa kicin, ki leƙa wajen wanka, ki ba mutane lokaci. Sai kin dawo kin ce masa bismilla sannan ya taka. Anti a wurin wata tsohuwa 'yar Ireland ta gada, ita ma tsohuwar a wurin wata. Ba a rubuce yake a ko'ina ba. Kuma kada ku ɗauka don Musulmai ake yi. 'Yar Ingila da ta fito wanka da tawul ta fi kowa gudu in ta ji ƙararrawar.

Su ɗaliban kowace da irin aikin da take ba ki. 'Yan gida Najeriya, musamman namu na Arewa da gwamnati ko jami'o'insu ke turowa, matsalarsu biyu ce: ruwa da hayaƙi. Bayin Bature ba a yi shi don buta ba. Ƙasan leda ce a kan katako, in ruwan alwala ya kwanta ya shiga ƙarƙashi, katakon ya ruɓe, silin na ƙasa ya yi tabo. Ba a yi musu faɗa. Tabarmar roba ake sa musu da ƙaramar mofa ta goge ƙasa a bayan ƙofa, a nuna musu sau ɗaya. Hayaƙi kuma turaren wuta ne. Akwai wata 'yar Maiduguri da ta kunna kasko a ɗaki, abin gano hayaƙi na silin ya kama ihu, gida duka ya fito titi cikin ruwan sama, motar 'yan kwana-kwana ta zo. Washegari na shiga na tarar ta sa wa abin safa ta ɗaure da roba. Na hau kujera na cire na miƙa mata safarta, na ce Hajiya in kina so ki ƙone ki ƙone ke kaɗai, akwai mutane a samanki. Ta yi kwanaki ba ta gaishe ni, daga baya ta saya mini atamfa. Sannan akwai abin da ba a gani a takardar aiki. In kika ga kwandon sharar ɗaliba babu ko ɓawon ayaba kwana da kwanaki, labule a rufe, kofuna sun taru, to ba ƙazanta ba ce, wani abu ne ke cin ta, ki je ki faɗa wa mai kula da ɗalibai. Wadda ke shiga ɗaki da abin jin waƙa a kunne ba za ta taɓa lura ba.

Ɗakin Malama Rabi shi ne ya fi kowanne sauƙin aiki, don kafin in zo ta share abinta. Malama ce a wata kwaleji wajen Haɗejia, ta zo yin digiri na uku a kan ruwan noman rani. Ta girme ni sosai, tana da miji da yara uku a gida. A garinsu ba a taɓa yin macen da ta fita ƙasar waje karatu ba, ita ce ta farko. Tana dafa abinci a kicin ina wanke murhu take ba ni labarin yadda aka yi. Mijinta malamin firamare ne, bai hana ba. Yayansa ne, wanda shi ne babba a gidan kuma yaran suna hannun matarsa, ya ce matar aure ba za ta je ta zauna cikin maza a Turai ba. Mahaifinta, da take kira Baffa, tsohon direban babbar mota ne, ya ga duniya, shi ya sa ta a makaranta tun farko. Shi ya tara surukan ya ce ya bincika, gidan da za ta zauna mata ne zalla, namiji ba ya shiga sai an yi shela. Ya ce in suka ga saɓanin haka, shi da kansa zai dawo da ita. Da wannan maganar ta hau jirgi. Ta ce mini akwai 'yan mata a kwalejinsu da iyayensu ke cewa bari mu ga yadda ta Rabi za ta ƙare tukuna.

Shekarar da ta zo mana da tsiya ita ce shekararta ta ƙarshe. Masu gidan suka miƙa shi ga wani kamfani ya riƙa gudanarwa. Aka kawo manaja, wata mata mai fara'a wadda ba ta taɓa riƙe mofa ba. Aka canza makullai zuwa kati, aka rage mana lokaci, aka ce kowane ɗaki ga iya mintocin da za a yi a ciki. Wannan duk na saba, daga irinsa na fito. Sai wata safiya na zo na ga ƙusa babu ƙararrawa. An goge ta tana ƙyalli, an sa ta a akwatin gilashi a tsakiyar zaure an kulle, da ɗan kati a gefe mai bayanin jarumtar matan farko. Manaja ta ce kayan tarihi ne, bai kamata a riƙa jagwalgwala shi ba. Ta ce kuma biyan ma'aikaciya don ta riƙa raka mai gyara ɓata lokaci ne, yanzu masu gyara suna da katinsu, kuma za a riƙa tura wa ɗalibai imel kafin su zo. Anti ta ce mata wadda ke cikin wanka ba ta karanta imel. Manaja ta yi murmushi ta ce za ta kai maganar gaba. Duk wanda ya yi aiki a ƙasar nan ya san inda gaba take.

Ranar da abin ya faru ina hawa na biyu ina fama da baƙin fumfuna a jikin taga, da safar hannu da buroshin haƙori tsoho, don shi kaɗai ke shiga lungun roba. Da rana tsaka ne. Ana suna a gidan su mijin Malama Rabi, ƙanwarsa ta haihu, aka kira ta ta bidiyo don ta ga jariri. Tana kicin, ba ɗankwali, da rigar zaman gida mara hannu, ta jingina wayar da tukunya tana yanka albasa tana hira. Wayar tana yawo hannu zuwa hannu a tsakar gida, mata, yara, har ta kai zaure wurin maza don a gaisa, ita ba ta ma ankara ba, tana neman abin da za ta yafa. Daidai nan maza biyu suka turo ƙofar kicin da tsani, sun zo duba hita, abin ɗumama ɗaki. Babban cikinsu ya ce mata sannu masoyiya, yadda suke ce wa kowace mace a garin nan har tsohuwar da ke sayar da jarida, ya miƙa hannu ta gefen kafaɗarta ya taɓa bututu. A hannun yayan mijinta wayar take. Yana jin Turanci daidai gwargwado.

Ihun da ta yi ne ya kawo ni. Na tarar da ita a bayan ƙofa ta rufe kai da tawul ɗin goge kwano, mutanen biyu sun daskare da tsani a hannu, ba su san me suka yi ba. Kuma gaskiya ba su yi komai ba. An ba su kati an ce su hau, suka hau.

Na sauka ofis ban ko cire safar hannu ba. Manaja ta ce abin bai yi daɗi ba, amma an tura imel tun jiya, ta juyo kwamfuta ta nuna mini. Ta ce in ɗalibar tana cikin damuwa akwai masu ba da shawara a jami'a, ga lambarsu. Na ce ba shawara take nema ba, ƙararrawa take nema, ga ta can kun kulle. Ta ce in sassauta murya.

Kwana biyu bayan haka na shiga ɗakin Malama Rabi na ga akwati a buɗe a kan gado. Yayan mijin ya ce ta dawo, in ba haka ba a zo a kwashe yaran daga gidansa, kuma maganar ta zaga gari, kowa da yadda yake ƙara mata gishiri. Saura mata 'yan watanni ta miƙa aikinta. Na ce ta ƙi mana, me zai faru? Ta dube ni yadda ake duban yaro. Ta ce ba tsoron yayan miji take ba, Baffa ne ya ba da baki a gaban mutane, in ta ƙi shi za a kira maƙaryaci har ya mutu. Ta ce amma ya ce kafin ta sayi tikiti yana so ya yi magana da matar da ke kula da gidan.

Ba manaja muka kira ba. Anti Saratu ta zo ta zauna a bakin gado ta gyara ɗaurin kanta, Malama ta riƙe wayar. Dattijo ne siriri da farin gemu, yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida. Suka gaisa da Anti doguwar gaisuwa, ya tambayi mutanen Zariya, ya ce ya sha kwana a can da mota. Sannan ya ce shi bai ce 'yarsa ta yi wani abu ba, ya san abin da ya haifa. Maganarsa ce ta faɗi ƙasa. In akwai wanda zai ba shi tabbacin ba za a sake ba, zai koma wurin mutanen nan ya sake tsayawa, ko da za su yi masa dariya. In babu, to a faɗa masa gaskiya.

Na san Anti, ba ta alƙawarin abin da ba ya hannunta, ko a kan sabulu ne. Ta ce, Baba, da a hannuna yake, yanzu an karɓe. Ya gyaɗa kai ya ce ya gode da ba ta yaudare shi ba. Na ga Malama Rabi ta kai hannu za ta kashe wayar. Ni kuwa na karɓe ta.

"Baffa, ni ce mai share hawan da take. Ni na ba ka tabbaci. In namiji ya sake taka matakalar nan ba a yi shela ba, ka ce Zulai ce ta yi maka ƙarya."

Ya matso da fuskarsa kusa da wayar. "'Yar wa ce ke?"

Na faɗa masa sunan mahaifina da unguwarmu a Kano. Ya ce ya san unguwar, akwai wani mai facin taya a bakin titi da ya taɓa cutarsa. Sannan ya ce, "To, Zulai. Na riƙe."

Da muka fito Anti ta ce na ɗauko abin da ya fi ƙarfina, da me zan yi shelar? Na shiga kicin na buɗe kabad ɗin da muke tara kayan da tsofaffin ɗalibai suka bari. Na ɗauko murfin wata babbar tukunya da ludayin ƙarfe. Na buga sau ɗaya, Anti ta toshe kunne ta ce Yesu.

Daga ranar nan aikina ya zama biyu. Masu gyara da rana suke zuwa, ta ƙofar baya, kuma motarsu tana da ƙara, don haka na mayar da aikin tagogin baya da matakala lokacin da na san suna tafe. Ina jin mota sai in ajiye mofa in sauko in tare gindin matakala, in ce su dakata. In hau ina buga murfi ina kiran namiji zai hau, hawa bayan hawa. Ƙarar ba daɗi, kamar ana korar tsuntsaye daga gonar shinkafa. Ɗakunana suka riƙa yin latti, sai in cinye lokacin hutuna in cike. Manaja ta kira ni ta ce ana ƙorafin hayaniya. Na ce wace ɗaliba ce ta yi ƙorafi, a kira ta. Ba ta faɗi suna ba. Ta ba ni gargaɗi na farko. Baffa kuwa ya koma ya tsaya. Malama ta ce har cewa ya yi a zaure, in suna so su kira kowace rana su ji da kunnensu. Yayan mijin ya kira kuwa, ba sau ɗaya ba, kuma akwai ranar da ya dace ina tsakiyar bugawa. Malama Rabi ta mayar da kayanta cikin kabad.

Ana cikin haka kamfani ya shirya bikin tunawa da matan farko. Aka sa mu goge zaure har ƙasa tana ɗaukar ido, aka kawo furanni aka jera ƙarƙashin hotuna, aka buga manyan takardu da fuskokin matan nan. Baƙi suka zo da kwat, aka yi jawabi a kan yadda suka buɗe wa mata ƙofa. Ina tsaye a lungu da tiren kofuna ina ji. Da aka gama sai babban shugaban kamfanin ya ce bari ya zaga da baƙi sama su ga ɗakuna. Ba wanda ya faɗa wa ɗalibai. Na ajiye tire, na jawo murfina daga ƙasan keken aiki, na sha gabansa na ce ya dakata. Na hau ina bugawa. Da na sauko na ce bismilla, sai na ga suna tafi. Tafi! Wata mata mai sarƙar lu'ulu'u ta ce abin ya burge ta, ashe har wasan kwaikwayo aka shirya na yadda ake yi a da. Ga ƙararrawar gaske a bayanta cikin gilashi, ga ɗalibai masu rai a sama suna rufe ƙofofi, ita tana ganin wasa.

Washegari aka ba ni gargaɗi na biyu, aka cire ni daga sama aka mayar da ni ɗakin wanki a ƙasan gida, inda ba taga, ba na jin mota. Na ce shi ke nan, an gama da ni, na yi wa dattijo ƙarya. Ina ninke zannuwa da rana sai na ji ƙarar murfi daga sama. Na fito da gudu. Anti ta ɗaura masa igiya ta rataye shi a tsohuwar ƙusar ƙararrawa, da ludayin a gefe. Mai bugawa kuwa mutumin nan ne da ya shiga kicin, mai cewa masoyiya. Anti ta ba shi labarin abin da shigarsa ta jawo, ya ce shi ma yana da 'ya a jami'a a wani gari, kuma da an faɗa masa tun farko da bai hau ba. Yana tsaye a gindin matakala da jakar kayan aiki, ya buga, ya ɗaga murya ya ce namiji zai hau, ya duba agogo ya jira. Ya koya wa yaran aikinsa. In baƙon mai gyara ne ya zo, duk ɗalibar da ta gan shi ita ke bugawa, 'yar China, 'yar Girka, 'yar Ingila, duk wadda ta fi kusa. Manaja ta cire murfin ta kai ofis, washegari wani murfin ya bayyana a ƙusa. Kabad ɗin nan cike yake da tukwane. Ta gaji ta bari, nawa ma ya dawo.

Malama Rabi ta miƙa aikinta, ta kare shi a gaban malamai, ta ci. Ranar da za ta tafi na taya ta ɗaure kaya, akwatin ya yi nauyi har sai da ta bar takalma da bargo. Amma ta sauka ta ciro murfin daga ƙusa, duk ya lotse, ta naɗe shi cikin zane ta tura tsakiyar littattafai. Ta ce Baffa ne ya ce ta zo masa da shi.

Da rani ya zagayo aka rufe gidan, aka farfasa ciki aka mayar da shi ƙananan ɗakuna masu kicin da bayi, na maza da mata duka, masu tsada. Anti Saratu ta ajiye aiki. Ni ba a sabunta kwantiragina ba, ban kuma yi mamaki ba, na dawo Birmingham, yanzu ni ke koya wa sababbi a wani ginin. Na taɓa wucewa ta gaban gidan na leƙa ta gilashin ƙofa. Hotunan suna nan, ƙararrawa tana nan cikin akwatinta, an ƙara mata fitila.

Kwanan baya wayata ta yi ƙara ina cikin bas, lambar Najeriya. Malama Rabi ce, yanzu Dakta ake ce mata. Ta ce wata ɗalibarta ta samu gurbin karatu a nan Birmingham, iyayenta sun zo wurin Baffa neman shawara, ga shi zai yi magana. Muka gaisa. Ya ce yana tambaya ne ko gidan nan yana nan, ko akwai irinsa a garin da nake.

Na ce, "Baffa, gidan ba ya nan. Sun rushe cikinsa."

Ya ce, "To ke fa, kina nan?"

Ina nan. Yarinyar za ta iso kafin sanyi, na samo mata ɗaki a hawan da mata ne kaɗai, a ginin da nake aiki, kuma na riga na yi magana da masu gyaran wurin ɗaya bayan ɗaya. Gida ya yi shekara fiye da ɗari yana wannan aikin, masu digiri da kwat suka kulle shi a gilashi suka yi tafi, yau an bar wa mai mofa.

Ke kuma ta bakin shagon nama, in kin karanta har nan, ki zo ranar Litinin da takalmi mara santsi. Ba za ki taɓa tsumma ba a satin farko. Ƙofa za ki tsaya ki ƙwanƙwasa, ki jira.